Yadda ake zama da son abu mai zuwa da ƙarfi ya tafi ba sallama

A kowace fada ta Yamai, wato wurin zaman hira da shan shayi, akwai mutum guda da ake tsokana da "to malam, yanzu kuma mi ake ciki?" Watan jiya kiwon tantabara ne, ya haddace kowane iri da kuɗinsa, wanga wata haɗa pano da bateri ne, in ka tarar da shi gobe yana koyon Turkanci a waya har uku na dare kada ka yi mamaki. Mata ma haka, wata za ta kama haɗin sabulu da humra ba ci ba sha, ɗaki ya cika da robobi da kwalabe, bayan wata biyu ko kallonsu ba ta son yi ta koma ɗinki. Ni ma cikin irin mutanen nan nake. A ce maka ba ka da alƙibla, ba ka gama abu, tsofaffi ma wasu su ce sammu ne.

Lalaci dai ba shi ba ne, don malalaci ba ya raba dare yana karatun abu guda ba wanda ya sa shi. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin wanga hali. Tun 1943 Leo Kanner a Amurka ya yi rubutu kan yara 11 da ya lura suna maƙale wa abu guda da ƙarfin da ya wuce na sauran yara, kuma littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-5, wanda ya fito a 2013, ya sa tsananin maƙale wa abubuwa ƙalilan cikin alamun galahanga wato otisim. Masu TDAH, matsalar nan ta wuyar tsaida hankali da yawan motsi, su ma sukan nutse cikin abu awa da awanni har su manta da abinci, sai dai nasu ya fi saurin sauyawa, kuma mutum guda yana iya haɗa duka biyun. A 2005 Dinah Murray da Mike Lesser da Wenn Lawson sun kawo bayanin cewa hankalin wasu mutane hanya guda yake bi da dukan ƙarfinsa maimakon ya rarrabu wuri da yawa, shi ya sa shiga ke da daɗi fita ke da wuya. Amma don Allah kada ka kalli bidiyo biyu a TikTok ka yanke wa kanka hukunci, akwai mutane birjik masu wanga hali da ba su da otisim ba su da TDAH.

Abin da na yarda da shi shi ne ba ka iya hana abin zuwa, ba ka iya riƙe shi in zai tafi. Wanda ya tashi a Adar ya san ruwan kori, ya zo da ƙarfi har ya ɗauki jaki, jibi ka tarar da yashi tsura, kuma ba mai hankalin da ke gina ɗaki a tsakiyarsa ko ya zauna yana zaginsa don ya ƙafe, ana dai tare abin da za a iya tarewa a yi lambu. Abin da ke hannunka huɗu ne, kuɗinka, barcinka, alkawarin da kake ɗauka, da abin da ka ajiye kafin ya wuce. A kansu za mu yi aiki.

Mataki na farko, ka san naka tsarin

Sayi kaye na dala ashirin ko talatin da bik, ba waya ba, don waya ita ce ƙofar da sabon ɗoki ke shigowa. Ka zauna ka jera duk abin da ya taɓa kama ka tun kana lakkwal, har waɗanda kake jin kunyarsu. Gaban kowane ka rubuta mi ya tado shi, wata nawa ya yi, kuɗi nawa ya ci a ƙiyasce, mi ya kashe shi, kuma ya taɓa komowa ko a'a. In ka manta tambayi yayarka ko abokin ƙuruciya, su ba su manta ba wallahi, da dariya ma za su ba ka labari.

In ka gama za ka ga abu biyu. Ɗaya, yawancinsu kusan tsawonsu guda, wani nasa sati uku ne wani wata biyu wani wata shida, to wanga lissafi ka riƙe shi da kyau don duk sauran matakan a kansa sunka dogara. Biyu, ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai wucewa wanda in ya tafi ya tafi ke nan, akwai mai komowa da ke leƙo ka duk shekara ko shekara biyu, wani ma da lokacinsa, misali duk sanyi in an fara maganar takobin kokowa sai ka koma haddar sarakunan fili tun daga na farko da anka yi a Tawa a 1975. Sannan akwai mazauni, wanda yake ƙarƙashin sauran bai taɓa tashi ba. Wanda ya yi gyaran waya, ya yi sola, ya yi keken ɗinki, in ka duba da kyau ba abu uku yake so ba, kwance abu ya ga yadda cikinsa ke aiki shi ne mazauninsa. In za ka gina sana'a, a kan mazaunin za ka gina.

Mataki na biyu, kuɗi, kuma nan ne ake kuka

Satin farko na sabon ɗoki shi ne mafi haɗari, don a satin nan ka rantse wannan daban ne, wannan shi ne sana'arka har mutuwa. Duk sauran ma haka ka ji a satinsu na farko, buɗe kayenka ka gani. Saboda haka doka ba a cikin zafi ake kafa ta ba, yanzu za ka kafa ta tun ba abin da ya kama ka.

Ka ware wa abin kasonsa na wata. Ni ina ganin kashi biyar cikin ɗari na abin da ke shigo maka ya isa, wato mai samun jika 100 (jika guda sefa dubu ce) ya ware jika 5, mai samun jika 40 ya ware jika 2. Ka sa su wuri daban, asusun ƙasa ko ambulan ko wani layin waya da ba ka taɓawa, watan da ba abin da ya kama ka su taru. Forfe, wato kuɗin intanet na waya, shi ma daga ciki yake fita, kada ka yi wa kanka wayo, megan da ake ƙonewa a YouTube cikin dare kuɗi ne, wani in ya lissafa sai ya ga ya fi kuɗin kayan da ya saya. Kuɗin haya, cefane, kuɗin lakkwal na yara, zubin adashi, waɗannan haramun ne ga abin. Bashi kuma babu, ko a butik ko wajen aboki, don bashi ya fi ɗoki tsawon rai, za ka biya kuɗin abin da ko ganinsa ba ka son yi.

Sai dokar jira. Duk abin da ya wuce jika 10, rubuta shi a kaye da kwanan wata, ka jira sati biyu. In bayan sati biyu har yanzu kana so kuma kuɗin na cikin kason, saya. Za ka yi mamakin yawan abin da za ka soke da hannunka. Kafin saye kuma akwai tsani, fara da kallo wajen mai yi, sannan aro, sannan haya, sannan okaziyo wato na hannu, sabo shi ne na ƙarshe. Kana son walda ko kafinta, je kasuwar Katako ka zauna wajen masu yi, ka ce "maigida ina son in riƙa zuwa da marece ina kallo ina kama muku aiki", yawanci ba su hanawa in ka zo da ladabi ka sayi shayi, kuma sati guda cikin zafin ƙarfe da ƙura zai gaya maka gaskiyar son da kake yi fiye da bidiyo ɗari. Kina son ɗinki, nemi tela a kartiye ki riƙa biyan wani abu kina hawa kekenta, kada ki fara da sayen sabon keke. Aikin fata ko azurfa, ƙauyen masu sana'a na Wadata na nan, kallo kyauta ne.

Abu mai rai kuwa dokarsa daban, kuma nan nake da zafi. Keke in ka gaji da shi ka rufe shi da zane, kaza ba ta rufuwa. Dubi lissafin da ka fitar a mataki na farko ka gwada shi da rayuwar dabbar. Kajin ƙwai ba su fara yi sai sun kai sati 18 zuwa 20, kusan wata biyar, to in kai naka ɗokin wata biyu yake yi, ka riga ka tafi tun ba a ga ƙwai guda ba, ka bar wa matarka da yara ban ruwa da sayen dusa da rigakafi cikin zafin Afrilu da ake wuce digiri 40. In dole sai ka yi, ɗauki kajin nama ƴan kaɗan, su wajen kwana 45 sun isa yanka, ka ga farko ka ga ƙarshe. Lambu ma haka, salati cikin wata guda da ƴan kwanaki ka ci abinka, mangwaro kuwa shekaru ne. Tantabaru shekaru suke rayuwa kuma hayayyafa suke, kada ka sa biyu a gida sai ka san wanda zai karɓe su ranar da ka juya baya, ka tambaye shi tun yanzu ya ce ya yarda.

Wanga ma'auni ya wuce dabba. Kowane aiki ka yanka shi daidai tsawon ɗokinka. Mai sati uku kada ya ce zai rubuta tarihin Arewa kaf, ya ce zai rubuta shafi biyar kan yaƙin da Sarauniya ta yi da sojan Faransa a Lugu a 1899, ya gama ya tura wa abokai.

Mataki na uku, riƙe bakinka

Yi abinka, amma kada ka yi shela. Kada ka buga kati, kada ka buɗe shafi a Facebook da sunan kamfani, kada ka karɓi kuɗin kowa da sunan haɗin gwiwa, kada ka karɓi odar ɗinkin salla, kada ka aje aiki, ɗan jami'a kada ya sauya fanni a tsakiyar shekara don ya kalli bidiyon taurari. Duk babban alkawari ya jira har abin ya ninka tsawon da ya saba yi. In naka wata biyu ne, sai ya kai wata huɗu yana nan, ya kuma ci karo da wahala ta farko bai gudu ba, sannan a yi maganar sana'a. Yawancin sunan "ba ya gama abu" daga shela yake zuwa, don wanda ya koyi abu a ɗakinsa ya bari ba wanda ya cuta. In an tambaye ka a fada ka ce "gwadawa dai nake", ya isa.

Mataki na huɗu, jiki da lokaci

In abin ya kama ka ba ka jin yunwa, ƙishirwa ma haka, fitsari ma sai ya matse ka sosai kake tashi. A garin da zafi ke kai inda yake kaiwa, wanga ba wasa ba ne. Kafin ka zauna aje gorar ruwa inda hannunka ke kaiwa, ka ci abinci tukuna, ba "in na gama" ba, don ba gamawa za ka yi ba. Mu Musulmi an ma yanka mana rana gida biyar, yi amfani da shi, kiran salla shi ne tashi ba ciniki, in ka komo ka sha ruwa ka duba ko akwai aiken da ke jiranka. Ƙararrawar waya in za ka sa, aje wayar nesa yadda sai ka miƙe za ka kashe ta, ta kusa da hannu kashe ta kake ba ka ma san ka kashe ba.

Fita ita ce mai wuya, kuma dalilin shi ne tsoron kada zaren ya ɓace. Maganinsa sauƙi gare shi, kafin ka tashi rubuta layi biyu, ga inda na tsaya ga abin da zan yi gaba. Da ka rubuta za ka ji kai ya sake ka. Haka in kana buro ko aji tunanin abin ya faɗo, kada ka ɗauko waya "minti guda", rubuta shi a gefen takarda ka ci gaba, da marece ka bi su ɗaya ɗaya. Aikin dole kuma a fara yinsa, abin so ya zama lada a bayansa, in ka juya tsarin ka ce bari in ɗan taɓa kafin in fara aiki to ranar ta tafi.

Barci, babba yana buƙatar awa 7 ko fiye. Dare guda ka raba ba komi, amma sati guda kana kwanciya ƙarfe biyu na dare kana tashi asuba, fushi zai ƙaru, aiki ya lalace, mai kabu-kabu ko direba kuwa ransa da na mutane yake wasa da shi. Sa wa kanka lokacin rufewa, waya ta kwana tana caji a wani ɗaki ko wajen uwargida. Shayin fada na bayan isha'i, musamman na farko mai ɗaci, rage shi a irin kwanakin nan. Tiramol kuwa don a ƙara awa, kada ma a fara, ɗokin zai wuce ya bar ka da shi.

Mataki na biyar, mutanen gida da abokai

Mu fa muna da surutu in abu ya kama mu, a gaya mana gaskiya. Kana bayanin bambancin bateri mai ruwa da na litiyom mutum yana ta "uhm, uhm" yana kallon ƙofa kai ba ka gani. Koyi tambaya kafin ka fara, "kana da minti biyar in ba ka wani labari?" in ya ce e ka tsaya a biyar ɗin, sannan ka tambaye shi nasa. Sauran surutun kai shi inda ake sonsa, gurup na masu kiwo, masu dara, masu sola, can ba mai gajiya da kai.

Wanda kuke kwana ɗaki guda kuwa haƙƙinsa ya fi haka. Zauna da ita lokacin da kake cikin natsuwa ka ce "Hajiya kin san halina, abu kan kama ni ya sake ni, ga abin da na ware masa duk wata, ga lokacin da zan riƙa rufewa, in kin ga na wuce ki ce mani dokarka fa, ba zan yi fushi ba." In ta faɗa kuma kada ka yi fushin. Mace ma haka, "Baban yara, wanga haɗin turare gwaji ne, kuɗina na adashi ba su ciki, kusurwar nan kawai nake so." Ka roƙi abu guda a wajensu, su bar gori in abin ya wuce, don gorin "ina tantabarun?" shi ke sa mutum ya fara ɓoye saye, ɓoyon kuma shi ke kashe yarda. A ware wa abin wurinsa a gida, tebur guda ko kwali guda ko kusurwa guda, in ya cika sai wani abu ya fita kafin wani ya shigo.

Mataki na shida, tara tun da zafi

Duk abin da ka gano rubuta shi kamar kana koya wa wanda bai san komi ba, don kai ɗin nan bayan shekara biyu ba za ka tuna ba. Awon soda da mai na sabulun da ya yi kyau, lambar wayar mai sayar da kaya da araha, kuskuren da ya ƙona maka fiyus, hoton yadda ka haɗa wayoyi. Kowane ɗoki da shafukansa a kaye. Kuma ka yi ƙoƙari ka fitar da abu guda gamamme komin ƙanƙantarsa, riga guda, fitila guda mai kamawa, sabulu goma da anka yi wanka da su.

Mataki na bakwai, in ya fara sanyi

Alamunsa sanannu ne, kana buɗe bidiyon ka rufe a tsakiya, kayan sun kwana uku ba ka taɓa ba, ka fara jin nauyi in an tambaye ka, wani sabon abu ya fara yi maka ƙyalli. Kada ka sayi sabon kaya don ka farfaɗo da shi, ba ya farfaɗowa da saye. Abin yi shi ne sallama mai tsabta tun da sauran ɗan ƙarfi, don in ya mutu sarai ko ɗaga kwalin ba za ka iya ba.

Fara da haƙƙin mutane, maida abin aro, gama aikin da ka karɓa ko ka maida kuɗi ka ba da haƙuri, dabba ta tafi wajen wanda kunka yi magana da shi. Fita daga gurup ɗin da sunka cika maka waya ka bar guda, kashe duk wani biyan wata. Sannan kaya kashi uku. Abin da ke lalacewa, sinadari, fenti, iri, dusa, magani, a sayar ko a bayar cikin satin nan, soda da asid kuma kada su kwana inda yara ke kaiwa. Abu mai tsada da kayenka ya nuna irinsa ba ya komowa, sayar da shi tun yana da daraja, asarar kashi ɗaya cikin uku yau ta fi asarar duka bayan ƙura da tsatsa sun gama da shi. Ƙananan kayan aiki da kayen bayani su kuma a ajiye, musamman in abin mai komowa ne.

Ajiya a ƙasarmu sai da dabara. Cire pil daga cikin kowace na'ura don in ya zube ya ci ƙarfen. Keken ɗinki da duk ƙarfe a shafa mai a rufe saboda ƙurar hunturu. Takardu da littattafai a sa leda a ɗora sama, ba ƙasa ba ba jikin bango ba, gara ba ta da tausayi, ɓera ma haka. Babbar bateri mai ruwa in ta zauna ba caji mutuwa take, ko ka riƙa cajinta lokaci lokaci ko ka sayar, ta litiyom kuma a aje ta da kusan rabin caji wuri mai sanyi. A jikin kwalin rubuta abin da ke ciki da wata da shekara.

Mataki na takwas, tsakanin tafiyar wancan da zuwan wani

Wanga wuri ba a cika maganarsa ba amma shi ya fi ciwo. Ka tashi da safe ba abin da ke jan ka, komi lami, har da ɗan baƙin ciki da jin ka yi asarar lokaci. Yana wucewa. Kada ka tilasta wa kanka neman sabo, lokacin biyan bashin barci ne da ziyarar ƴan'uwan da ka yi watsi da su da gyaran takardun da sunka taru. Tafiya da ƙafa da marece ko bakin kogin Isa ne ko cikin kartiye tana taimakawa. Ka buɗe tsofaffin kwalaye, wani lokaci tsohon so ne ke farkawa, shi kuwa kyauta ne tunda kayansa na nan. Abin da za ka kiyaye a nan shi ne caca ta ƙwallo a waya da zaman jan allo har asuba, don hankali mai neman abin kamawa in ya kama caca ba ta sakinsa yadda tantabara ke yi, an gina ta ne don kada ta saki.

Akwai kuma inda maganar ta wuce kaye da kwali, ta zama ta likita. In rashin jin daɗin ya shafi komi, abinci, mutane, aiki, ya kai sati biyu kullum, ko tunanin mutuwa ya fara zuwa, wanga ciwon damuwa ne ba jiran sabon ɗoki ba. In kuma zafin abin ya zo da kwana biyu uku ba barci kuma ba gajiya, magana ba tsayawa, jin ka fi kowa, rabon kuɗi da saye ba lissafi, ya ɗauki kamar sati, ƴan gida su lura don mai shi ba ya gani, wata cuta ce daban mai hawa da sauka kuma tana da magani. Wasan bidiyo ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wanda ya fi ƙarfin mai shi cikin jerin cututtuka da ya fara aiki a 2022. Fara da likitar kartiye su tura ka gaba, a Yamai akwai sashen ƙwaƙwalwa a babban asibitin ƙasa, Pavillon E ɗin nan da ake tsokana da shi, zuwa can ba ya nufin hauka. Addu'a da magani kuma ba su hana juna.

In ɗanka ne ko ɗiyarka

Yaro ya kama maganar dinozor safe da dare, kada a ce masa "rufe mana baki". Kai shi gidan tarihi na Boubou Hama ya ga ƙasusuwan da idonsa, gaya masa a ƙasarsa ne anka tono Nigersaurus mai haƙora sama da 500, can Gadufawa cikin jihar Agadas. Yi masa lissafi da karatu da abin da yake so, sai ka ga ya kama abin da malamin lakkwal ya yi ta fama. Kada a ƙwace abin a matsayin horo, a sa masa lokaci dai, kuma a gargaɗe shi kafin a tashe shi, "saura minti goma a ci tuwo", tashin ba-zata shi ke kawo kuka da birgima. Ranar da ya bar dinozor ya koma mota ko raƙuman dawa na Kure, ba sai an ce "duk kuɗin da munka kashe" ba, a sa littattafan a kwali. In ka ga son ya haɗu da jinkirin magana, ko rashin kallon ido, ko tashin hankali mai yawa in an sauya masa tsari, kai shi a duba da wuri.

Ranar da tsohon abu ya komo

Kada ka nufi kasuwa. Ɗauko kwalin, karanta kayen daga farko, musamman layin ƙarshe na inda ka tsaya da dalilin da ya sa ka bari, don sau da yawa wahalar da ta kore ka wancan karo tana nan tana jira, gara ka fara da ita tun kana da ƙarfi. Jera abin da ke akwai ka gwada wanda ke aiki, sai abin da ya lalace kawai za a saya, kuma dokar sati biyu tana nan ga duk abin da ya wuce jika 10. Ƙara layi a kaye da kwanan watan da ya komo. In wanga ne karo na uku, matsar da shi daga shafin masu komowa zuwa na mazauna, ka ɗan ƙara masa kaso, kuma yanzu kam kana iya sayen kayan aiki mai kyau guda ɗaya, wanda ka fi yawan arowa.